Yakuwa a Ƙasar Lautai: Daga Gumel Zuwa Bakin Iyakar Maigatari

Duk wanda ya bar Kano ya kama hanyar Haɗeja a ƙarshen kaka, idan ya kai Gujungu ya karkata arewa, zai lura ƙasa ta fara sauya kama. Laka ta ƙare, rairayi ya karɓe gari. An riga an girbe gero, an tara kara, iccen gawo ya soma fitar da sabon ganye kamar yadda ya saba idan damina ta juya baya, ga layukan darbejiya da aka dasa domin tare iska da kwararowar hamada. Abin da ya rage tsaye a gonaki shi ne yakuwa: jajayen sanduna masu kai wa mutum ƙirji, kowane reshe ɗauke da zoɓo ja wur. Tun daga nan har bakin iyakar Nijar da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga wannan ja ba, ko a gona, ko a shanye a kan tabarma, ko a cikin buhu a bayan amalanke.

Ni Bazazzagiya ce. A gidajenmu yakuwa abar fate ce. Ƙulli guda ake saye a hannun mai kayan miya, a yayyanka tare da alayyahu, a watsa cikin tukunyar tsaki domin ɗan tsamin nan da ke tayar da ɗanɗano. Zoɓo kuwa abin sha ne na azumi da biki da suna. Wani yayana da ke sayen riɗi ne ya yi shirin zagaya kasuwannin arewacin Jigawa, ni kuma na bi shi domin in ga 'yan'uwa da aure ya kai can. A wannan tafiya na ga yadda tsiro guda yake ciyar da gida tun daga tsakiyar damina har rani, na kuma ga yadda kasuwa take neman jan hankalin mutane ga rabinsa kawai.

Gumel, wadda mutanenta ke kira Lautai, ɗaya ce daga masarautu biyar na Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙananan hukumomi huɗu ne a ƙarƙashinta: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa ta wajen shekarar 1750, ta bi Borno, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A 1845 aka dawo da fadar daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, zuwa inda take a yau. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa garin a 1851, ya tarar da shi babbar kasuwar kanwa da ake kwasowa daga gabas ana wucewa da ita har ƙasar Nupe. Wannan tarihi yana nan a cikin kwanon abinci. Ranar da muka sauka, burabuskon gero aka kawo mana da miyar yakuwa mai gyaɗa, irin cimar da aka san mutanen Borno da ita. Tsamin ganyen da garɗin gyaɗar sun haɗu sun zauna daidai, ga busasshen kifi da aka ce daga wajen Haɗeja yake zuwa.

Gagarawa tana kudu maso gabas da Gumel, a kan tsohon layin dogon Kano zuwa Nguru wanda aka kammala a 1930, lokacin da gyaɗa ce dukiyar wannan yanki. Yau riɗi da zoɓo ne suka gaje ta. A wani ƙauye da ke kusa da garin muka tsaya gonar wani dattijo abokin cinikin yayana. Na gaishe shi, na ce, "Baba, mu a wajenmu ganyen muka sani, ku kuma na ga jan kuke bi." Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ai ganyen ne ya riƙe mu har jan ya zo."

Daga nan ya bayyana mini yadda shekarar yakuwa take tafiya. Ana shuka ta idan ruwa ya zauna, wajen watan Yuni ko Yuli, wasu a gefen gona a matsayin iyaka, wasu tsakanin gero da wake, wasu kuma yanzu gona guda suke ware mata. Ba ta da son jiki. Tana jure rairayi, tana jure tsaikon ruwa na 'yan kwanaki wanda kan sa masara ta kwanta. Idan ta tsiro da yawa a rami ɗaya sai an rage, kuma waɗannan ƙanana da aka cire su ne miyar farko. Wannan yana faɗowa ne a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, kuɗi kuma sun tafi wajen taki da 'yan ƙwadago. A irin wannan lokaci ganyen yakuwa da tafasa da rama da zogale su ne ke ƙara wa ɗan hatsin da ya rage auki. Sai dai akwai iyaka: wanda ya yi ta tsinkar ganye ba ƙaƙƙautawa zai ga zoɓonsa ya ragu. Saboda haka mai hankali yakan tsinki na ƙasa, ya bar na sama, ko ya keɓe 'yan layuka kusa da gida na miya kawai.

Idan yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, sai ta yi fure. Furen yini ɗaya yake yi ya faɗi, kofin da ke riƙe da shi ya kumbura ya yi ja, shi ne zoɓon. A cikinsa akwai ƙwanso mai ɗauke da iri, wato gurguzu. Girbi yakan zo tare da shigowar hunturu, kuma a nan ne wahalar take. Sai an bi kowane ƙwanso da hannu an raba shi da jan ɓawonsa. Mata da yara ne kan wannan aiki, a zaune a inuwa, yatsu sun rine, ga ƙaiƙayin ƙwanson yana cin fata. Na zauna tare da su na taya, na kuma fahimci dalilin da ya sa masu aikin ke shafa mai a hannu kafin su fara. Wanda ya sha zoɓo mai sanyi a Kaduna ko Legas ya kamata ya san yatsun matan karkara ne suka ɓare masa shi ɗaya bayan ɗaya.

A Sule Tankarkar, yamma da Gumel, na shiga cikin gida na ga sauran labarin. Surukar 'yar'uwata, dattijuwa mai tsabta da tsari, ita ce ta kama hannuna ta kai ni madafa. Na ce, "Inna, ina son in ga yadda kuke kwaɗon nan da na ji ana yabo." Ta ce, "To zauna, 'yar nan, gani ya kori ji."

Ga yadda ta yi. Ta zaɓi ganye matashi, ta cire jijiyoyi masu tauri. Ta wanke shi a ruwa mai yawa, tana tsamo ganyen sama ta bar yashi ya kwanta, ta sake har ruwan ya fita fes, domin a ƙasar rairayi ganyen da ba a wanke da kyau ba ba ya ciwuwa. Ta jira ruwa ya tafasa kafin ta zuba, ta bar shi ya ɗan yi laushi kawai ta sauke, ta tace, ta matse a hankali. Ta haɗa shi da dafaffen zogale, kashi ɗaya na yakuwa, biyu na zogale, saboda zogale ba shi da tsami, yakuwa kuma tana ba shi rai. Sannan ta zuba dakakken ƙuli, albasa, tumatir, yaji, gishiri, ta yaryaɗa man gyaɗa, ta cakuɗa da hannu. Wannan kwaɗo ana cin sa shi kaɗai da hantsi, ana kuma ajiye shi gefen dambu ko shinkafa da wake. Kwano guda ya ishi yara da yawa, kuma babu abin da aka sayo daga nesa.

Ta nuna mini wani abu da ban saba gani a Zariya ba: farin zoɓo. Irin yakuwa ne mai koren jiki, kofinsa ba ya yin ja. Shi ba a cika jiƙa shi don sha ba. Dafa shi ake yi, a rage tsamin, a yi kwaɗo da shi ko a sa a miya, yana da nama-nama a baki. Wato har ɓangaren da duniya ta sani da abin sha, a nan abinci ne.

Mun yi doguwar hira a kan kanwa. Al'adar mata da yawa ita ce a jefa kanwa ko ruwan toka domin kashe tsami da saurin nuna. Gaskiya tana kashe tsamin, amma masana abinci sun tabbatar kanwa mai yawa tana lalata wasu sinadarai masu amfani, musamman bitamin C da wasu daga dangin bitamin B. Haka ma doguwar tafasa da zubar da ruwan. Inna ba ta karanta wannan a littafi ba, amma hanyarta ta dace da shi: tafasa gajeriya, kanwa ɗan ƙanƙani ko babu, a bar gyaɗa da ƙuli su tausasa tsamin. Man da ake zubawa shi ma yana da aiki, domin sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Ganyen yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, tumatir da ɗanyen kayan da aka yanka a kai kuma suna taimaka wa jiki ya karɓe shi. Ganyen da ya yi saura a damina Inna tana shanya shi a inuwa, inda iska ke ratsawa. Wanda aka shanya a tsakar rana yakan koɗe, amfaninsa ya ragu, na inuwa kuwa yana riƙe korensa har bazara.

Gurguzu ma ba ya faɗuwa ƙasa banza. Bayan an ware irin shuka, sauran ana wanke shi, a dafa shi dahuwa mai tsawo har ya yi laushi, a rufe shi 'yan kwanaki ya ruɓa, a kirɓa a turmi, a sake rufewa, sannan a cuccura a shanya. Ita ce daddawar batso. A ƙasar da ɗorawa ta yi ƙaranci, ita ce ke tsaya wa mata a madadin daddawar kalwa, kuma ta fi ta araha. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gurguzu sinadarin gina jiki ne, saboda haka miyar kukar da aka kaɗa da batso ta fi wadda aka dogara da ɗanɗanon kanti kaɗai. Irin wannan daddawa ana yin ta a Nijar da Burkina Faso da Sudan. Karan kuma ana sassaƙar ɓawonsa a tufka igiya, dabbobi su cinye ragowar ganye. Tun daga saiwa har kai, babu abin yarwa.

Ranar Alhamis muka nufi Maigatari, arewa da Gumel, a kan iyaka da jihar Damagaram ta Nijar. Kasuwar ta yi suna da dabbobi: raƙuma, shanu, dawaki, tumaki da awaki da ake korowa daga Nijar da ma gaba da ita, manyan motoci kuma suna lodi zuwa kudancin Najeriya. Hausa da Barbarci da Fulatanci da harshen Buzaye duk suna tashi a wuri guda, masu canji suna juya naira da sefa. Amma a wannan lokaci na shekara ɓangaren riɗi da zoɓo ma cike yake. Zoɓo abu ne marar nauyi, buhu ya cika ya batse amma yaro ya iya ɗaga shi, saboda haka motar da ta yi lodi sai ka ga kayan sun ninka tsayinta. Dillalai suna zura hannu cikin buhu, suna duba duhun jan, suna murzawa su ji ko ya bushe, suna neman yashi da kara. Daga nan kaya sukan wuce rumbunan ajiya na Kano, musamman Dawanau, a tsince, a tace, a ɗura a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Wani ɓangare na kayan daga ƙetaren iyaka yake shigowa, shi ya sa rufe iyaka yake taɓa kowa a nan. An rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe Maigatari a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk wanda na yi magana da shi a kasuwar yana tuna waɗannan watanni da ƙuncin da suka zo da shi.

Ana lissafa Jigawa a sahun gaba na masu noman zoɓo a Najeriya, babbar mai sayensa kuma ita ce ƙasar Meziko, inda ake shan sa da sanyi a gidaje da wuraren cin abinci. A 'yan shekarun baya ta taɓa dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwarin ajiya da aka gano a cikin wasu kaya, sai da aka tsara yadda za a riƙa yi masa feshi kafin ciniki ya dawo. Misira da Sudan da Senegal da Ghana duk suna shan sa. Masu bincike ma sun duba shi: a 2010 wasu masana na Jami'ar Tufts da ke Amurka suka wallafa gwajin da suka yi wa mutum 65, inda masu shan kofi uku na shayin zoɓo kullum tsawon mako shida suka samu ɗan saukin hawan jini. Wannan ba ya nufin mai hawan jini ya ajiye maganin likita, kuma zoɓon da aka cika wa sukari ya riga ya zubar da rabin alherinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, akwai ƙasashen da ganyen ne abin alfaharinsu. A jihohin Andhra Pradesh da Telangana na kudancin Indiya, ganyen wannan dangi shi ne shahararren abin haɗi, suna soya shi da barkono su ci da shinkafa, suna dafa shi da naman rago. A Myanmar suna soya shi da ƙananan jatan lande. A Senegal ana kirɓa shi a ajiye gefen shinkafa da kifi. Babu wanda ke ganinsa abincin talaka a can.

Akwai wani tsiro na Turawa da labarinsa ya yi kama da wannan. Shi ne bitirut, jar saiwar nan mai zaƙi-zaƙi da ake nomawa a Jos saboda sanyinta, ake kawowa manyan kasuwanni da kantunan Kano da Kaduna, har wasu matan birni suna markaɗa shi cikin zoɓo don ƙarin ja. Mutanen gaɓar Bahar Rum na dā ganyensa suka fara ci, daga baya aka inganta saiwar, har aka fitar da irin da ake yin sukari da shi. Masu sanin darajarsa suna dafa saiwar da ɓawonta har ta yi laushi, su sulluɓe ɓawon, su yanka, sannan su soya ganyen sama-sama da mai da tafarnuwa da ɗan tsami, su haɗa duka a faranti guda. A kasuwanninmu kuwa yawanci an riga an datse ganyen kafin ya iso, alhali ya fi saiwar bitamin A da sinadarin ƙarfe. Duk wadda ta samu bitirut da ganyensa, ta dafa shi yadda take dafa alayyahu. Amma mutumin Gumel ba ya bukatar jiran kaya daga Jos. Abin da mai kuɗi ke nema a wannan saiwa mai tsada, wato ja a kofi da kore a faranti, yana tsaye a bayan ɗakinsa.

Dalilin da ya sa na damu da wannan magana shi ne yara. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A ƙasa baki ɗaya kuma kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara ƙanana kashi 68. Ganye kaɗai ba zai kawar da tamowa ba. Sai an haɗa da nonon uwa, da wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da madara, da ruwa mai tsabta, da zuwa asibiti a kan lokaci. Amma a cikin duk waɗannan, ganye ne mafi araha kuma mafi kusa. Na ga gidajen da suka sayar da zoɓo buhu-buhu, kuɗin suka tafi wajen taliya da shinkafa da lemon kwalba, yara suka ci farar taliya da mai da yaji, babu ko ɗigon kore a kwanon. Na ji 'yan mata suna cewa kwaɗo cimar tsofaffi ce. Na ga manoman da farashi ya sa suka hana a taɓa ganye ko ɗaya a gona, ba su kuma ware wa gida layin miya ba. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Ba na ƙin cinikin zoɓo. Da shi ake aurar da 'ya'ya, ake rufin kwano, ake biyan kuɗin makaranta, kuma mata masu ɓara suna samun na kansu a ciki. Fatana shi ne cinikin ya ƙaru, a riƙa tsincewa da tacewa a Maigatari da Gumel domin ribar ta zauna a ƙasar da ta yi gumin. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Magidanci ya ware wa iyalinsa 'yan layukan yakuwa da ba na kasuwa ba. Uwargida ta shanya ganye a inuwa tun damina, ta rage kanwa, ta gajarta tafasa, ta sa gyaɗa da mai, ta kuma murje wa yaron da ya wuce wata shida nasa kason a cikin abincinsa. Ma'aikatan lafiya da ke ganin mata ranar awo da rigakafi su riƙa kiran yakuwa da zogale da batso da sunansu, malaman makaranta su koya wa 'yan mata cewa kwaɗo abinci ne na masu ilimi. Mu kuma na birni, idan mun sayi zoɓo, mu tambayi mai kayan miya ganyensa. Allah Ya ba manoman Lautai damina mai albarka, Ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya.